Daga filin Tirmini zuwa tankin mai: darasin awo ga yara masu ƙere-ƙere

Duk lokacin da mota ta biyo da ni ta Tirmini a hanyar shiga Damagaram, sai na tuna cewa a nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tari sojojin Faransa a ƙarshen watan Yuli na 1899. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Bindigogin zamani ne suka rinjayi dawakai, birnin ya faɗa hannun Nasara. Wannan karon kuwa wani abu ne daban ya tsayar da ni: yaro a bakin titi yana jan jirgin sama na gwangwani da waya, har da farfela mai juyawa. Na ce a raina, in wannan ya girma ya sa wa jirginsa inji, wa zai koya masa auna mai?

Tambayar tana da tarihi. Shekara 21 bayan Tirmini, Faransawan suka so ratsa Sahara ta sama. Ranar 18 ga Fabrairu 1920 jirage biyu suka tashi daga Tamanrasset, ɗaya yana ɗauke da Janar Laperrine. Suka ɓace hanya, mai ya ƙare wa jirgin Janar, ya sauka dole a cikin rairayi ya kife. Laperrine ya ji rauni, ya rasu ranar 5 ga Maris. Matuƙinsa da makanikensa sai masu sintiri a kan raƙuma ne suka tsinto su. Ashe mai ƙarfin bindiga ma, in lissafin hanya da na mai ya kuɓuce masa, hamada ba ta raga masa.

Shi ya sa masu haɗa ƙananan jirage a gida suke ɗora wa bututun mai wata 'yar na'ura mai auna gudunsa. A cikinta akwai ƙaramar farfela da mai ke juyawa in yana wucewa, ana ƙirga juyinta a san lita nawa inji ke sha a awa. Sayenta ba shi ne wahala ba, sanin inda za a ɗaura ta ne. Ana sa ta bayan matatar mai, don kada datti ya toshe farfelar, domin toshewarta na iya rage man da ke isa inji. Ana nisanta ta da salansa, saboda zafi yana mayar da fetur tururi, kumfa kuma yana sa ta ƙirga ƙarya. Mu da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ya fi shafarmu. Ana barin miƙaƙƙen bututu kafinta, ba lanƙwasa ba, don mai ya shiga a natse. In injin yana mayar da ragowar mai tanki, dole a cire wanda ya koma daga lissafi, in ba haka ba na'urar za ta nuna an sha abin da ba a sha ba. Bayan duk wannan, sai a gwada ta a ƙasa: a zuba man da aka auna, a ga ko ta faɗi gaskiya.

Kada a ce wannan zancen Turawa ne. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Basira tana nan a cikinmu. Abin da ya kamata ya biyo bayanta shi ne horon awo da gwaji, wanda ke raba abin kallo da abin da za a amince wa rai.

Malamai, wannan darasi bai buƙatar jirgi. Kwalbar lita ɗaya, siririn tiyo da agogon waya sun isa: yara su auna daƙiƙa nawa ruwa ke ɗauka ya ƙare, su lanƙwasa tiyon su sake aunawa, su rubuta bambancin. Iyaye kuma, in yaro ya kwance rediyo, kafin a ɗauko bulala a tambaye shi me ya gano, a ba shi littafin rubuta abin da ya gwada. In ya kai ga wasa da fetur ko inji, a haɗa shi da makanike mai hankali, kada a bar shi shi kaɗai.

Na sayi jirgin yaron nan na Tirmini, yana kan teburina. Da na tambaye shi tsawon fiffiken, ya auna mini da tafin hannunsa, bai yi kuskure sosai ba. In na sake komawa, zan kai masa abin awo na santimita.