Obuasi: Zinariya da Hayaƙinta

Tun kafin zuwan Turawa ana wanke zinariya a rafukan Obuasi, cikin ƙasar Asante ta Gana. Wasu 'yan kasuwa Fante, Joseph Ellis da Joseph Biney, su suka fara buɗe babbar mahaƙa a wurin, kafin ta koma hannun Bature Edwin Cade, wanda ya kafa kamfanin Ashanti Goldfields a 1897.

Zinariyar Obuasi tana da taurin kai. Tana maƙale ne cikin dutse mai ɗauke da gubar arsenik da farar wuta, a da sai an gasa dutsen kafin ya sake ta. Shekara da shekaru hayaƙin matoyar kamfanin ta Pompora yana sauka kan gari. Tuddan da ke kewaye suka koma sanƙo, manoma kuma suka yi ta kukan cewa lemon Obuasi, wanda a da ake yabo a kasuwanni, ya lalace.

Sai a 1994 kamfanin ya buɗe masana'antar Sansu, inda ƙwayoyin bakteriya ke cinye farar wutar cikin manyan tankuna, babu buƙatar gashi. Gyara ne na gaske, amma ya zo bayan gomman shekaru mutane suna shaƙar guba.

Bayan haɗewa da AngloGold a 2004, kamfanin ya waiwayi sauro, domin zazzaɓin cizonsa na kwantar masa da ma'aikata. Daga 2006 aka riƙa bi gida-gida ana fesa magani a bangon ɗakuna, ba a unguwar ma'aikata kaɗai ba. Cikin 'yan shekaru masu zuwa asibiti da zazzaɓi suka ragu da fiye da rabi, har asusun Global Fund ya ba da kuɗin faɗaɗa aikin zuwa wasu gundumomi. Wannan abin a yaba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun ƙasa da abin yi. A 2014 aka sallami dubban ma'aikata, a 2016 masu haƙar bayan fage, 'yan galamse, suka mamaye ramuka. An koma narka zinariya a ƙarshen 2019, amma da injuna da ma'aikata kaɗan, matasan gari na zaune. A Janairun 2025 sojojin da ke gadin mahaƙar suka harbe aƙalla mutum bakwai da suka kutsa cikinta da dare.