Yadda Kujerar Mota Ta Samu Ɗumi

A farkon ƙarni na 20, mai mota a Amurka ko Turai idan zai fita cikin sanyi sai ya yi shiri kamar mai tafiya fatauci. Yawancin motocin ba su da rufin kirki, balle hita. Bargo ake yafawa a cinya, a gasa bulo a murhu a naɗe shi a tsumma a sa ƙarƙashin ƙafa. Masu hali kuwa sukan sayi wani ɗan akwatin ƙarfe mai aljihu da ake zuba gawayi a ciki. Kaskon wuta ne dai, irin wanda tsofaffi ke kwana da shi a ɗaki lokacin hunturu, illa dai wannan an yi masa murfi an ɗora shi a mota.

Daga baya aka fara jawo zafin salansa zuwa cikin mota, a shekarun 1930 kuma hita mai amfani da ruwan zafin inji ta bazu. Ita ce har yau a motocin fetur da dizal. Aibinta ɗaya: ba ta da abin bayarwa sai inji ya yi zafi. A garin da ƙanƙara ke kwana a kan gilashi, direba zai yi mintuna yana karkarwa a kan kujerar fata ko leda da ta sha sanyin dare kafin iska mai ɗumi ta fara fitowa.

Wani injiniyan General Motors, Robert Ballard, shi ya nemi rajistar dabarar ɗumama kujerar kanta da lantarki a 1951, aka ba shi a 1955. Sai da aka ƙara shekara 11 kafin abin ya isa kasuwa: a 1966 Cadillac ta sa shi cikin jerin ƙarin kayan da mai saye zai iya biya a haɗa masa, da shimfiɗar yadin kabon a ƙarƙashin rigar kujera. To amma Cadillac motar attajirai ce, don haka abin ya tsaya a can sama, a matsayin ado.

Waɗanda suka ɗauke shi da gaske mutanen Suwidin ne, inda sanyi ba wasa ba ne. Kamfanin Saab na garin Trollhättan ya sa kujerar direba mai ɗumi a motocinsa samfurin 1972, ba tare da mai saye ya nema ba. Ko makunni ba ta da shi. Da zarar an murɗa makulli, idan cikin motar ya yi sanyi sai ta kama da kanta, in ta ɗumama ta yanke. Baƙon da ya ari motar bai san da zancen ba yakan ji ɗumi na ratso masa wando, ya shiga zargin kansa. Volvo ta bi sahu, kamfanonin Jamus ma haka.

Duk abin kuwa bai taka kara ya karya ba. Siririyar waya ce da aka ɗinka a jikin wani yadi, tana kai da komo kamar sawun maciji. Wutar batir mai bolt 12 ta bi ta cikinta, wayar ta yi zafi. A haɗa da 'yar na'urar da ke auna zafi ta yanke wuta in ya kai iyaka, sai fis da makunni. Shi ke nan. Bargon lantarki da Turawa ke kwana da shi ma haka yake aiki. Sai dai kamfanonin mota, musamman a Amurka, sun daɗe suna ɗaure wannan 'yar wayar a cikin ƙunshi ɗaya da kujerun fata da rufin gilashi da sauran kayan alatu, ta yadda mai son ɗumi kawai dole ya sayi samfuri mai tsada. Ta wannan ɓarakar kasuwar sakawa daga baya ta shigo.

Mai arha ita ce shimfiɗar da ake ɗorawa a kan kujera a jona a ramin kunna sigari. Tana zamewa, wayarta na reto, amma tana yi. Wanda ke son aiki mai tsafta kuwa sai ya nufi shagon masu ɗinkin kujerun mota. A can za a cire kan batir, a kwance kujerar a fito da ita, a yanke ƙananan zobban ƙarfen da suka riƙe rigarta, a ɗaye ta, a manna shimfiɗa ɗaya a sosan mazauni ɗaya a na jingina, sannan a mayar da riga da sababbin zobba. Mai aikin wayarin ya ja waya ta ƙarƙashin kafet zuwa akwatin fis, ya nemi layin da ke mutuwa idan an kashe mota, don kada a wayi gari batir ya kwanta. Shimfiɗar zaren kabon ta sauƙaƙa wa masu wannan sana'a rayuwa: wayar da, idan ta tsinke wuri ɗaya duka ta mutu, ita kuwa saƙar kabon hanyoyin wutarta da yawa ne, har akwai irin da ake datsewa da almakashi ta dace da kujera.

Aikin ya fara ɗaukar wani salo bayan 1994, shekarar da Volvo 850 ta fito da jakar iska a cikin gefen kujera. A farkon shekarun 2000 kuma dokar Amurka ta sa kujerar mai zaman banza ta samu na'urar da ke gane nauyin wanda ya zauna, don kada jakar ta fashe a fuskar ƙaramin yaro. Ganganci wajen ɗora shimfiɗa a kan wannan na'ura na iya rikita ta, shi ya sa wasu shagunan ke ƙin taɓa wannan kujerar a wasu motoci. Ga kuma ƙuna: masu shanyewar ƙafafu da masu ciwon sukari da jijiyoyinsu suka daina jin zafi sun sha ƙonewa ba su sani ba, likitocin fata kuma sun ga baƙin tabo mai kama da raga a cinyoyin direbobi, irin wanda jin wuta kullum ke bari a ƙwauri.

A Nuwamban 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta ya tilasta wa General Motors, gidan da aka haifi dabarar, fitar da motoci da yawa ba kujera mai ɗumi, da alkawarin dillalai za su kammala aikin daga baya. Wato kamfani da kansa ya koma sana'ar sakawa daga baya.

BMW ce ta kai abin ƙarshe. A 2022 ta fara sayar da motoci da wayar a ciki, amma a kulle. Mai mota ya biya kuɗin wata-wata a buɗe masa ta intanet, fam 15 a Birtaniya, kimanin dala 18 a Koriya ta Kudu. Jama'a suka yi ca, don ba wanda ya ga dalilin biyan haya a kan kujerar da ya riga ya saya. A Satumban 2023 kamfanin ya janye. Wata guda kafin nan, a wani taro a Las Vegas, masu bincike daga Jami'ar Fasaha ta Balin suka nuna yadda suka ruɗe kwamfutar Tesla ta hanyar girgiza wutar da ke shigarta, suka kai ga ɗumin kujerun baya da kamfanin ke buɗewa a kan dala 300 a lokacin.

Motocin lantarki sun ƙara wa wannan kujera daraja. Ba su da zafin inji na banza da za a jawo. Ɗumama iskar cikin mota na cin wat dubbai daga batirin tafiya, kujera ɗaya kuwa da wuya ta wuce wat 100.

Da yawa daga cikin motocin Kwatano da suka baro Jamus ko Kanada da ita suke zuwa. Alamarta ɗan maɓalli ne mai hoton kujera da layuka uku masu lanƙwasa suna tashi sama. A Jos cikin Disamba yakan yi rana. A Sakkwato cikin Afrilu kuwa, idan yaro ya danna shi da wasa, mai mota na iya isa garejin bakanike yana rantsuwa cewa wuta ta kama ƙarƙashin kujerarsa.