Fiyanon Akiko: an gyara shi, amma an bar mashi tabonshi

 Kowace shekara idan ranar 6 ga Agusta ta zagayo ana ta maganar bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945, ana kawo lissafin matattu har kunne ya saba. Ni yau labarin kayan kiɗa guda ɗaya zan ba ku.

Fiyano ne irin mai tsayuwa, wanda ake jinginawa da bango kamar kabad. Kamfanin Baldwin ya ƙera shi a Amurka a 1926, shekarar da aka haifi mai shi, Akiko Kawamoto, a birnin Los Angeles. A 1933 iyayenta suka koma gida Japan da ɗiyarsu da fiyanon, suka zauna Hiroshima. Tun tana ƙarama take koyon kiɗa a kanshi, tana kuma rubuta abin da ta koya cikin littafinta na yau da kullum.

Ranar da abin ya faru, da ƙarfe 8 da minti 15 na safe, Akiko tana cikin gari, wajen aikin da gwamnati ta ɗora wa 'yan makaranta saboda yaƙi. Ta samu ta koma gida da ƙafa. Kashegari ta rasu, tana da shekara 19. Gidansu yana can gefen gari, bai rushe ba, amma ƙarfin iskar bam ya farfasa tagogi, ɓarɓashin gilashi ya caccaki gefen fiyanon. Haka ya zauna a rufe kusan shekara 60.

To, wanda bai taɓa leƙa cikin fiyano ba zai ɗauka akwati ne kurum. Ina! A ciki akwai tsirkiya ta ƙarfe fiye da 200, kowace ɗaure da ƙusarta da ake murɗawa don daidaita sauti. Idan ka haɗa jan da suke yi, ya kusa tan 20, shi ya sa ake sa masu firam na baƙin ƙarfe. Kowane maɓalli ka danna, wata 'yar guduma mai kan ulu ce ke bugun tsirkiya ta koma. Idan aka bar shi shekaru, ulu ya bushe ko ƙwari su cinye, tsirkiya ta yi tsatsa, manne ya saki, itace ya tsage. Da yawan masu gyara a Turai da Amurka za su gaya maka gaskiya: kuɗin gyaran tsohon mai tsayuwa ya fi kuɗin sayen wani, shi ya sa dubbai suke ƙarewa a juji.

Na Akiko bai ƙare can ba. Aka fito da shi, wani mai gyaran fiyano ya zauna a kanshi, a 2005 ya sake yin sauti gaban jama'a. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ba a taɓa ba. Goge gefen nan da shafa mashi sabon fenti ba wani aiki ba ne, kafinta ma ya iya. Aka ƙi. Aka gyara ciki don ya yi magana, aka bar tabon gilashi yadda yake. A ganina da an goge shi, da an samu fiyano mai sheƙi, an kuma rasa shaida.

Daga nan ya shiga yawo makarantu da wuraren taro. A 2015 Martha Argerich, 'yar Ajantina da ke cikin manyan makaɗan fiyano na duniya, ta zo Hiroshima ta kaɗa shi. Dai Fujikura ya tsara kiɗa na musamman da sunan fiyanon, aka fara kaɗa shi a Agustan 2020. An so Argerich ta kaɗa, korona ta hana ta zuwa, sai Mami Hagiwara, 'yar Hiroshima, ta karɓa. Wajen ƙarshen kiɗan takan tashi daga babban fiyano na zamani ta koma kan tsohon ita kaɗai.

Yanzu yana ajiye a ginin hutawar baƙi da ke cikin Filin Tunawa da Zaman Lafiya, ginin da ya tsira duk da bai kai mita 200 ba daga inda bam ya fashe. Wato yau fiyanon ya fi kusa da wurin fiye da yadda Akiko take a safiyar ranar.