ZARE: Kainji, inda dorina, masu bincike da jiragen yaƙi ke zaman maƙwabtaka

1/ Jiya muna zaune a majalisa nan Yalwawa aka ɗauke wuta, wani ya ce "ruwan Kainji ne ya ja baya." Na tambaya ko akwai wanda ya san me ke ƙarƙashin ruwan nan, kowa ya yi shiru. To ku gyara zama, gari ne guda a nutse.

2/ Sunan garin Bussa, fadar Sarkin Borgu, a bakin Kogin Kwara. A wajen ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, lokacin da jirginsa ya afka wa duwatsun kogin.

3/ A 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, har ƙasar Yawuri. Mutum sama da 40,000 aka tasa daga gidajensu. Bussa ta nutse, aka gina sabuwa, wato New Bussa ta yanzu. Gonaki da kaburburan kakanni kuwa, can aka baro su.

4/ Sai masu bincike suka iso. A 1968 gwamnati, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa shirin nazarin tafkin: wane kifi zai rayu, wace cuta ruwan zai jawo, ya waɗanda aka tasa za su ci abinci. Shi ne ya zama cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa.

5/ A 1979 aka haɗe dajin Borgu da na Zugurma, aka samu gandun daji na ƙasa na farko a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. Kogin Oli ya ratsa ɓangaren Borgu, akwai dorina, kada, gwanki da bauna. Farauta, kiwo da sare itace duk haramun ne a ciki.

6/ Ga kuma sojoji. Akwai barikin Wawa, akwai sansanin sojan sama na Kainji. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta sayo daga Amurka, waɗanda suka iso a 2021, can ne mazauninsu.

7/ Za ka ce ai babu wurin da ya fi nan tsaro ko? Ina fa! Dajin ya jingina da iyakar Benin, kuma iyakar ma Ingila da Faransa ne suka shata ta a 1898, suka raba Borgu biyu. 'Yan bindiga sun samu mafaka a ciki, har a Oktoban 2022 aka kai hari barikin Wawa.

8/ A ganina, darasin ke nan. In ka fitar da manomi, masunci da makiyayi daga daji, ka bar wa ma'aikata 'yan ƙalilan gadinsa, ka cire idon da ke ganin baƙo. Wanda ake kamawa kan ya ɗebi itacen girki, da wuya ya zo ya ba ka labarin abin da ya gani.

9/ Me ya shafe mu a Jigawa? A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da fadamar Haɗeja, wajen Baturiya, da Falgore a Kano. Dama madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da masunta da masu noman shinkafa na fadamar suka dogara da ita.

10/ Don haka kafin a kafa alluna, mu tambaya: wa zai ci gaba da su? Ina burtalin shanu? Yaran ƙauyukan za a ɗauka gadi? 'Yan Haɗeja da Kirikasamma, ku faɗa mana a ƙasa, an zauna da ku kuwa?