Idan An Zuba Gas A Injin Fetur: Abin Da Za Ka Yi Kafin Ka Taɓa Makulli

Motar ƙungiya da ke kai albasa kasuwar Illela, injin ban ruwa da ke fadama, babur ɗin da kake hawa zuwa gona da ƙaramin janareto, kusan duk fetur suke sha. Tarakta, babbar motar kaya da yawancin injinan niƙa kuwa gas suke sha, wato man dizal. Duk gidan da ya haɗa kala biyun nan, ko ƙungiyar da ke da su a shago ɗaya, wata rana sai an yi kuskuren zuba wannan a tankin wancan. Zubawar kanta ba ta cika ɓata komai ba. Ɓarnar tana farawa ne daga lokacin da aka tayar da injin.

Me ya sa kuskuren ya fi saurin faruwa a bakin iyaka

A gidan mai da ke bin ƙa'ida, bakin famfon gas ya fi na fetur kauri, ba ya shiga bakin tankin ƙaramar motar fetur cikin sauƙi. An yi haka ne da gangan don ya zama birki. To amma a Illela da ƙauyukanta, mai da yawa ba ta famfo yake shiga tanki ba. Daga jarka yake fitowa, ko galan, ko kwalba, ya bi ta mazurari. Shi kuwa mazurari ba ya tambaya.

Wannan ba sabon abu ba ne. A watan Nuwamban 2019, lokacin da iyakoki ke rufe, hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, Illela kuma tana ciki tsundum. An buɗe iyakar a Disamban 2020, sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, sai kuma rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a Yulin wannan shekarar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara tura manomi wajen 'yan bumburutu da ajiyar mai a gida. Jarkar lita 25 ta manja ko man gyaɗa, ruwan ɗorawa, ita ce ta fetur, ita ce ta gas. Da asuba, ko da daddare a hasken tocilan, babu mai bambanta su da ido.

Sai kuma rikicin suna, wanda a ganina ya fi na jarkar haɗari. Mu nan idan an ce gas, dizal ake nufi. Amma a jikin injin ban ruwa da janareto za ka ga an rubuta Gasoline, wanda shi ne fetur a Turancin Amurka. Yaron da ya ɗan iya karatu sai ya ga haruffa uku na farko ya ce ai injin gas ne. Ka tsallaka Birnin Ƙonni kuma, a can fetur shi ne isansi, a famfo an rubuta Essence ko Super, dizal kuma gazuwal, an rubuta Gasoil. Ga Gasoline ga Gasoil, kamar wa da ƙane, alhali ɗaya fetur ne ɗaya dizal. A gidajen man Najeriya, PMS fetur ne, AGO gas, DPK kananzir. Ka rubuta waɗannan a bangon shagon ƙungiya.

Motocin da ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano ma suna da nasu tarkon. Golf ko Sharan ɗaya tana iya zama ta fetur, 'yar'uwarta mai kama da ita sak ta zama ta gas. Kafin ka zuba wa motar aro mai, buɗe murfin tanki ka duba rubutun ciki. Idan akwai TDI a bayanta, ta gas ce.

Abin da gas ke yi wa injin fetur

Injin fetur yana buƙatar man da ke zama tururi nan take, ya gauraya da iska, fulogi ya ba shi tartsatsi ya kama. Gas ba haka yake ba. Yana da nauyi da maiƙo, litarsa ta kai kusan giram 840, ta fetur kuwa kusan giram 740, kuma ba ya tashi sama da sauri. An yi shi ne don injin da ke matse iska sosai har ta yi zafin da zai kunna shi ba tare da fulogi ba. Injin fetur bai kai wannan matsin ba. Saboda haka gas ɗin yakan shiga ya ƙi ƙonewa, ya jiƙa fulogi, ya bi jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, sauran ya fita ta salansa yana hayaƙi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne injin yakan tashi lafiya lau da farko. Fetur ɗin da ya rage a kafireta da cikin tiyo yake sha. Mota tana iya tafiya ɗan nisa, injin ban ruwa yana iya yin mintoci yana jan ruwa, kafin abu ya fara. Sai ka ji tana shaƙewa tana fizga, ƙarfi ya ragu, farin hayaƙi mai warin gas ya turnuƙe, wani lokaci da ƙarar ƙwanƙwasa a cikin injin. Daga nan ta mutu, ta ƙi tashi. Idan waɗannan alamu sun zo jim kaɗan bayan shan mai, kada ka fara zargin batir ko kwayil, man ne abin tuhuma na farko.

Gwajin ba wuya. Ɗiga man a kan farar takarda. Fetur zai bushe cikin minti ɗaya ko biyu ya bar takardar kusan yadda take. Gas zai bar tabon maiƙo da ba ya tafiya. Ko ka shafa a yatsu biyu: fetur zai yi sanyi ya ɓace, gas zai yi santsi. Kada ka dogara da launi, yana canzawa daga wannan kaya zuwa wancan.

Idan mota ce

In ka gane tun kana wurin shan mai, ka yi sa'a. Kada ka tayar. Kai, kada ma ka murɗa makullin zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, domin a motocin da ke da nozul, wannan murɗawar kaɗai tana kunna famfon cikin tanki ya fara tura man zuwa injin. Sa ta a firi, a tura ta gefe, nesa da masu shayi da masu gashin nama, a kira bakanike. Aikinsa a nan kaɗan ne: ya tsiyaye tankin tas, ya zuba fetur mai kyau. Shi ke nan.

In kuwa har ka tashe ta ka yi tafiya, da ka ji alamun nan ka sauka gefen titi ka kashe. Kada ka yi ta ba ta wuta wai ta ƙone shi, kada kuma a yi ta turawa ana buga ta. Yanzu aiki ya ƙaru. Za a tsiyaye tanki, a wanke layin mai, a canza filtar mai, a kwance fulogai a wanke ko a sa sabbi. A duba baƙin mai: in ya haura alamarsa a jikin sandar awo, ko ya tsinke yana warin gas, a juye shi tare da filtarsa, domin tsinkakken mai ba ya kare ƙarfe. Motocin zamani suna da abin tace hayaƙi a cikin salansa, wanda bakanikai ke kira indomi. Gas ɗin da bai ƙone ba yana toshe shi ko ya ƙona shi, kuma shi ne abu mafi tsada da za ka iya rasawa a wannan kuskure. Bayan gyara motar za ta ɗan yi hayaƙi na wani lokaci, ragowar da ke cikin salansa ce ke fita.

Za ka ji wasu sun ce in kaɗan ne, kamar lita ɗaya ko biyu a tankin lita 50, a cika da fetur kawai a wuce. Tsofaffin motoci masu kafireta irin su Peugeot 504 sukan jure haka, da ɗan hayaƙi. Amma sai ka tabbatar da yawan abin da ya shiga. In an juye galan guda a tankin da ya kusa ƙarewa, babu cikawar da za ta gyara shi. Ga motar ƙungiya da za ta ɗauki kayan mutane goma zuwa Sakkwato, ni dai tsiyayewa na zaɓa. Kuɗin bakanike bai kai asarar tumatir ɗin da ya kwana a rana a hanyar Gwadabawa ba.

Idan injin ban ruwa ne, ko janareto, ko babur

Nan ne manomin rani ya fi shiga ciki, kuma abin daɗin shi ne da hannunka za ka iya gyarawa a bakin rijiya. Tankin injin ban ruwa mai inci 2 ko 3 bai wuce lita 3 zuwa 4 ba, saboda haka babu maganar a ƙara fetur a kai. Rabin kwalbar gas a irin wannan tanki ya yi yawa.

Kashe injin ka bari ya huce. Rufe makunnin mai. Zare tiyon da ke sauka daga tanki, ko ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin, ka tara gwangwani, ka buɗe man ya zube duka. Zuba fetur kaɗan ka girgiza ka sake zubarwa. A ƙasan kafireta akwai kwano, a gefensa akwai ɗan noti na tsiyaya. Kwance shi har sai abin da ke fitowa ya zama fetur zalla, sannan ka ɗaure. Fitar da fulogi, za ka same shi jiƙe, baƙi. Wanke shi da fetur, goge da burushin waya, bari ya bushe. Kafin ka mayar, ka tabbatar injin yana a kashe, ka ja igiya sau biyar ko shida don abin da ya taru a silinda ya fita. Duba baƙin mai. Irin wannan injin ɗan fiye da rabin lita yake ci, canza shi ba zai karya ka ba. Ka riƙa ajiye fulogi ɗaya sabo da sifanarsa a jakar gona. Albasar da aka dasa jiya ba za ta jira ka je gari ka dawo gobe ba.

Babur da keke mai ƙafa uku duk hanyar ɗaya ce. Sai dai ƙananan janareto da injin feshi na goyo, waɗanda ake haɗa wa fetur da mai na musamman a tanki, akwai masu cewa gas zai iya maye gurbin wannan man tunda shi ma yana da maiƙo. Ba zai iya ba. Injin zai ci kansa.

Idan akasin haka ne

Fetur a tarakta ko motar gas ya fi wancan muni nesa ba kusa ba, kuma ya fi sauƙin faruwa ko a gidan mai, tunda siririn bakin famfon fetur yana shiga kowane tanki. Famfon injekta da nozul na injin gas da maiƙon gas ɗin kansa suke samun santsi. Fetur yana wanke maiƙon, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe, ɓurɓushin ya bazu cikin layin mai gaba ɗaya. Sababbin injina da ke tura mai da matsi mai tsanani ba sa jure ko kaɗan. Nan babu lissafin kaɗan ko da yawa: kada a tayar, a kira mai gyaran injekta.

Jikinka da man da aka tsiyaye

Kada ka tsotsi tiyo da baki. An saba, an kuma san kowa na yi, amma in man ya sarƙe ka ya shiga huhu, yana haddasa ciwon huhu mai tsanani. Famfon hannu na roba da ake tsotso mai da shi ba shi da tsada, ƙungiya ta sayi biyu, ɗaya na fetur ɗaya na gas. In wani ya haɗiyi mai, musamman yaro, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin aman ne ke kai man cikin huhu. In yana tari ko numfashinsa ya canza, a tafi babban asibitin Illela ba tare da jira ba.

Gaurayayyen man da ya fito kuma, ka ɗauke shi a matsayin fetur wajen haɗari. Kada ya shiga fitilar ƙwai ko risho, zai iya fashewa. Kada a ce tunda akwai gas a ciki bari a ba tarakta ko injin niƙa. Kada a zubar a kwalbati, ko kusa da rijiyar burtsatse ta fadama inda ruwa ke kusa da sama, ko bakin tafkin Kalmalo inda dabbobi ke sha. Sa shi a jarka mai murfi, rubuta a jiki, ka kai wa bakanike, yana da amfani da shi wajen wanke kayan inji.

Ga shugabannin ƙungiya

Fenti gwangwani biyu ya isa. Duk jarka, mazurari da murfin tankin fetur a shafa musu ja. Na gas a shafa musu baƙi ko kore, a kuma rubuta sunan da boko da ajami. Mazurarin wannan kada ya je wancan. In da hali a ajiye su a kusurwa daban-daban, mutum ɗaya ya riƙe makullin shago, ya rubuta wanda ya ɗiba da abin da ya ɗiba. Idan za ka aiki yaro, kada ka ce masa “je ka sayo mai.” Ka ce fetur, ko ka ce gas na tarakta, ka ba shi jarkar da ta dace, in ya dawo ka ɗiga a takarda kafin ka zuba. Wanda kuma kuskuren ya faru a hannunsa, a yi yarjejeniya tun yanzu cewa in ya faɗa kafin a tayar da injin, asusun ƙungiya ne zai biya tsiyayewar. Yaron da ke tsoron faɗa shi ne zai yi shiru ya ja igiya.