Kudaku da Dankalin Turawa: Tarihin Tsiro Biyu a Lambunan Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Abin da Bakano yake kira dankali, shi ne Basakkwace ya gada da sunan kudaku. Wannan bambanci na karin harshe sananne ne ga manazarta, har ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo shi. Sai dai ba kasafai akan tambayi dalilin da ya sa tsiro guda ya sami suna biyu a ƙasa guda ba, ko kuma yadda aka yi wani tsiro dabam ya zo daga baya ya ari ɗaya daga cikin sunayen. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun waɗannan tsirrai biyu, watau jan kudaku na fadama da dankalin Turawa, domin nuna cewa yanayin ƙasa da tsarin lambu su ne suka ba ɗaya gindin zama a Sakkwato, suka bar ɗaya yana baƙo.

2.0 Asali da Suna

Tsirran nan biyu duk 'yan nahiyar Amurka ne, amma ba dangin juna ba ne. Kudaku, wanda masana tsirrai suke kira Ipomoea batatas, tsiro ne mai yaɗo, ɗan ƙasashe masu zafi na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Jiragen ruwan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma bayan shekarar 1500, tare da masara da rogo da gyaɗa. Shi kuwa dankalin Turawa, Solanum tuberosum, ɗan tsaunukan Andes ne na Peru da Bolibiya, dangin gauta da tumatir, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16.

Kafin zuwansu Hausawa suna da nasu abincin tono, kamar rizga da tumuku da gwaza. Abin lura shi ne, da Turawa suka ga tumuku, shi suka laƙaba wa sunan dankalin Hausawa a harshensu, alhali Bahaushe kudaku yake nufi idan ya ce dankalin Hausa. Ke nan baƙon farko ya daɗe har ya zama ɗan gida.

Sunayen da kansu suna ba da haske a kan hanyar da tsiron ya biyo. Kalmar kudaku tana nan a Zabarmanci da wasu karuruwan Fulatanci, kuma ta yi kama da kukunduku ta Yarabanci. Kalmar dankali kuwa tana da 'yar'uwa a harshen Barebari. Wannan rabuwa tana nuni da cewa tsiron bai shigo ƙasar Hausa ta ƙofa ɗaya ba. Yammacin ƙasar ya fi alaƙa da kogin Kwara da fataken da suke bin hanyar Yawuri da Nufe, shi ya sa sunan Sakkwato ya yi tarayya da na maƙwabtan kudu da yamma.

3.0 Lambu a Zamanin Daular Usmaniyya

Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, a kan tudu mai kallon kwarin da gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Tudun ƙasa ce mai tsakuwa da rairayi, wadda ta dace da gero da maiwa, amma da zarar an fita ta Ƙofar Kware ko Ƙofar Dundaye sai a gangara fadama. Can ambaliyar damina take shimfiɗa sabuwar laka kowace shekara, kuma ruwan ƙasa ba ya yin nisa ko da rani ya tsananta. Da ruwa ya janye sai manoma su bi danshi su dasa kudaku, wasu kuma su kafa jigo a bakin rijiya su yi garka ta albasa da taba da alkama.

Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya shahara da ƙarfafa noma da sana'a a ribaɗoɗin da ya kafa, kuma ruwayoyin Sakkwato suna danganta masa bunƙasa noman rake. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo a 1853, ya ga gonar rake a kwarin Bamurna kusa da birnin, aka kuma gaya masa cewa mai ita wani Bafillace ne da ya yi zaman bauta a Brazil ya komo. Wannan labari yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa sanin dabarun noman Amurka ma ya iso Sakkwato a kan mutane, ba iri kaɗai ba. Barth ya sha ambaton dankali da sunansa na Hausa a labarin tafiyarsa, abin da yake tabbatar da cewa tsiron ya riga ya zauna rabin ƙarni kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato a watan Maris na 1903.

4.0 Yadda Ake Noma Shi

Ba a shuka kudaku da ƙwaya, yaɗonsa ake yanka a dasa. Manomi yakan ta da kunya mai tsayi, ya yanki yaɗo kamar kamu ɗaya, ya binne rabinsa a gicciye. Cikin wata uku zuwa huɗu sai kunya ta fara tsagewa, alamar 'ya'ya sun kumbura. A nan haɗari yake, domin ta waɗannan tsagogi ƙwaro yake shiga ya huda kudaku ya bar shi da ɗaci. Saboda haka gwanin manomi yakan riƙa rufe tsagogin da ƙasa, kuma ba ya jinkirin tono. Akwai mai jan baya da mai farin baya, kuma masu saye sukan bambanta su ta zaƙi da gari.

Babbar matsalar tsiron a ƙasa mai rani na wata bakwai ita ce ajiyar iri. Hatsi ana zuba shi a rumbu, amma yaɗo dole ya rayu har damina ta zagayo. A nan ne garkar bakin rijiya da ɗan lambun bayan gida suka yi wa tarihi aiki. Inda ruwan wanka da na alwala suke malala, nan ake barin 'yan kunyoyi kore, daga nan kuma ake samun abin dasawa. Amfanin wannan ɗan fili ya fi bayyana a shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta 1914 da farin 1972 zuwa 1974, domin abin da yake nuna cikin wata uku, ana cin 'ya'yansa da ganyensa, yana iya riƙe gida kafin sabon gero. Duk da haka kirarin da Hausawa suka yi masa shi ne sha kushe.

5.0 Baƙo na Biyu

Dankalin Turawa ya shigo Nijeriya ne ta hannun 'yan mishan da Turawan haƙar kuza a tsaunukan Jos, noman sa kuma ya ƙaru a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, saboda ciyar da soja. Jos tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200, kuma sanyin darenta shi ne abin da tsiron yake bukata kafin ya zuba 'ya'ya. A Sakkwato kuwa zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, don haka ɗan tsakanin hunturu kawai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yake iya karɓarsa, ga shi kuma irinsa ba ya jure ajiya cikin bazara. Wannan ya sa ya zauna a matsayin kayan kasuwa da mota take kawowa, mai jan bawo da mai fari, sunansa ma na aro ne.

6.0 Sauye-sauyen Fadama

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima kuma a 1984. Madatsun sun samar da ruwan noman rani, amma sun rage ambaliyar da manoman ƙasan gulbi suka dogara da ita, kuma rikicin manoman Bakolori na 1980 ya nuna tsadar da talaka ya biya. Shirin bunƙasa fadama na ƙasa da aka fara a 1993 ya yaɗa injin ban ruwa da rijiyar burtsatse, har jigo ya kusa zama tarihi. A cikin birni kuma gine-gine sun cinye kangaye da bayan gidaje. Ta wani ɓangaren, darajar tsiron ta ƙaru a idon masana: a 2012 da 2013 Nijeriya ta fitar da irin dankali mai cikin ruwan goro, wanda yake ɗauke da sinadarin bitamin A.

7.0 Kammalawa

Tarihin kudaku a Sakkwato tarihin fadama ne da rijiya da hannun da ya raya yaɗo cikin rani. Kalmar kanta tana fuskantar matsi, domin littattafan makaranta da gidajen rediyo daidaitacciyar Hausa suke yi, wadda dankali ta sani. Haka nan kalmomin jigo da garka suna bin kayan aikinsu zuwa mantuwa. Akwai aiki a gaban ɗaliban harshe da tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, waɗanda fadamar Kwalkwalawa take kan hanyarsu ta shiga makaranta: su tattara sunayen ire-iren kudaku da kalmomin noman sa daga bakin tsofaffin manoma tun suna raye.