Farfesa Mayowa Owolabi da binciken shanyewar ɓarin jiki

Farfesa Mayowa Owolabi likitan ƙwaƙwalwa ne a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan. Yana cikin jagororin binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Zariya da Kano.

Sakamakon 2018 ya nuna hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na cutar. In jini ya hau, jijiyar ƙwaƙwalwa kan toshe ko ta fashe. Yawan cin nama da barbaɗa gishiri a abinci na ƙara haɗarin, ganye kuwa na rage shi.

Jama'a, hawan jini ba ya sallama. Ko a Kafanchan kake ko a Sabo Ibadan, ka riƙa aunawa, kuma kar ka bar magani don ka ji sauƙi.